Inshorar lafiya ta biyan wata-wata: sharhi kan tsarin da kuma cirar kuɗin da ke rikita masu asusu

A 'yan shekarun nan kamfanonin HMO, wato masu gudanar da inshorar lafiya, sun buɗe ƙofa ga wanda ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba kuma na wani babban kamfani ba. Tela, mai shagon kayan masarufi, malamar makarantar kuɗi, direban haya, kowa na iya yin rajista shi kaɗai ko da iyalinsa, ya riƙa biya wata-wata maimakon ya tara kuɗin shekara a dunƙule. Ana tallata tsarin a manhajojin banki, a shafukan kamfanonin, da kuma bakin wakilai masu zagaya kasuwanni da ofisoshi. Ra'ayina a kansa ya rabu biyu. Kariyar da yake bayarwa ta cancanci kuɗinta ga yawancin gidaje, matuƙar an san iyakarta. Amma yadda ake cire kuɗin, da yadda cirar ke bayyana a bayanin asusu, na buƙatar gyara ƙwarai, domin shi ke sa mutum ya ɗauki kuɗin inshorarsa a matsayin sata, wani kuma a yi ta zarar masa kuɗi wata da watanni yana zaton inshora yake biya.

Abin da layin ke faɗa

Kada ka yanke hukunci da alat ɗin da ya shigo wayarka. Saƙon tes gajere ne, yakan gutsure bayanin, kuma sau da yawa abin da ya gutsure shi ne sunan wanda ya karɓi kuɗin. Ka shiga manhajar banki ka sauke cikakken bayanin asusu na aƙalla wata shida, ko ka nemi a turo maka ta imel. A kowane layi za ka ga ranar cirewa, adadin kuɗi, bayanin ciniki, da lambar shaida. Bayanin cinikin nan shi ne jigon aikin.

A ce ka ga an cire ₦4,500, bayanin kuma ya fara da WEB ko POS/WEB PURCHASE, sai sunan Paystack ko Flutterwave ko Interswitch, sai wasu haruffa da suka ƙare da HLTH ko HMO, sannan LAGOS NG. Kai kuma kana Gusau, ba ka je Legas ba, ba ka kuma san kamfani mai wannan suna ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai isa ya nuna an yi maka sata ba. Paystack da takwarorinsa dillalan karɓar kuɗi ne kawai. Kamfanin inshora ya ɗauke su su karɓar masa. Legas ɗin kuma adireshin dillalin ne ko hedikwatar kamfanin, ba wurin da aka yi amfani da katinka ba. Sunan da bai yi maka kama da komai ba yakan zama sunan da kamfanin ya yi rajista da shi a hukumar CAC, wanda sau da yawa ya bambanta da sunan da yake talla da shi. Gurbin rubutun ƙarami ne, saboda haka ake datse sunan har ya koma haruffa biyar ko shida.

Nan ne laifin farko na wannan tsari. Babu abin da ya hana kamfani ya gaya wa mai rajista tun ranar farko cewa "ga yadda sunanmu zai fito a alat ɗinka, ga ranar da za mu riƙa cirewa." Masu yin haka kaɗan ne. Yawancinsu sai su turo saƙon maraba mai tsawo da jerin asibitoci, su bar wannan jimla ɗaya da za ta rage ƙorafin da ake kai wa bankuna.

Kafin ka ci gaba, ka ware cajin banki na yau da kullum, domin mutane da yawa suna haɗa su da inshora. A ƙa'idar caji ta Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki a 2020, tura kuɗi zuwa wani banki ₦10 ne idan bai wuce ₦5,000 ba, ₦25 daga nan zuwa ₦50,000, ₦50 idan ya haura. Da harajin VAT na kashi 7.5 a kai sai su koma ₦10.75, ₦26.88 da ₦53.75. Akwai ₦50 na gwamnati a kan turawar da ta kai ₦10,000, akwai kuɗin kula da kati, akwai kuɗin alat da ake tarawa a cire a ƙarshen wata. Waɗannan ƙanana ne, kuma galibi suna da kwabbai a wutsiya. Kuɗin inshora ya fi su girma, adadinsa ɗaya ne kowane wata, kuma yana zuwa a rana ɗaya ko kusa da ita. Idan ka jera wata shida ka ga adadi guda yana fita kowace ranar 28, to wannan biyan ƙa'ida ne da aka ɗaura wa asusunka. Abin da ya rage shi ne ka gano ta wace hanya aka ɗaura shi, domin kowace hanya da yadda ake kwance ta.

Hanyoyin cirewa, da dalilin da ya sa bambancinsu ke da muhimmanci

Ta farko ita ce ta kati. Ranar rajista ka shigar da lambar katinka, ranar ƙarewarsa, lambobi uku na bayansa, aka turo maka OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya, ka saka. A wannan biyan na farko dillalin ya ajiye wata alama da ke wakiltar katinka, wadda za ta ba shi damar sake cirewa ba tare da an nemi OTP ko lambar sirri ba. Shi ya sa mutum ke rantsuwa cewa bai saka komai ba amma kuɗi suka fita. Gaskiya ya faɗa: bai saka komai ba a wannan watan, tun watan farko ya ba da izinin. Sau da yawa izinin wani ɗan akwati ne a ƙasan shafi da aka riga aka cika masa alama, ko wata jimla cikin ƙananan haruffa da ke cewa biyan zai riƙa sabunta kansa. Irin wannan cirewa tana bayyana da WEB ko CARD, wani lokaci da lambobi huɗu na ƙarshen katinka.

Ta biyu ita ce izinin cirewa kai tsaye daga asusu, wanda ma'aikatan banki ke kira mandet. Wannan ba ruwansa da kati. A kan lambar asusunka mai lamba goma aka ɗaura shi, kuma yana bi ta NIBSS ko Remita, masu gudanar da biyan kuɗi tsakanin bankuna. A da takarda ake cikewa a sa hannu. Yanzu akwai na intanet, kuma hanyar kunna shi ce ke yaudarar mutane: za a ce ka tura ₦50 daga asusunka zuwa wani asusu "don tabbatarwa". Wannan ₦50 ɗin ita ce sa hannunka. Da zarar ta tafi, ka amince a riƙa cire adadin da ke cikin izinin har zuwa ranar da aka rubuta zai ƙare. Don haka idan ka ga layi mai ɗauke da DIRECT DEBIT ko DD ko NDD ko REMITA, ka koma baya a bayanin asusunka ka nemi wata ƙaramar turawa ta ₦50 zuwa asusun da ba ka sani ba. Idan ka same ta, ka samu ranar da aka ƙulla abin, kuma galibi za ka tuna wanda ke zaune kusa da kai a ranar yana nuna maka inda za ka danna.

Ta uku umarnin da kai da kanka ka bai wa bankinka, cewa kowane wata ya tura adadi kaza zuwa asusu kaza. Yana fitowa da STANDING ORDER ko SI. Wannan shi ya fi sauƙin kwancewa domin a hannunka yake.

Akwai kuma waɗanda ba sa fitowa a bayanin asusu kwata-kwata. Gudummawar da ake cire wa ma'aikatan jiha don asusun taimakekeniyar lafiya, irin na KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, daga albashi ake cire ta kafin kuɗin su shigo banki. A takardar albashi ake ganinta. Saboda haka idan kai ma'aikacin jiha ne kuma ka ga cirar inshorar lafiya a bayanin asusunka na banki, kada ka ce "ai ta gwamnati ce" ka wuce. Wata ce dabam, kuma mai yiwuwa kana biyan kariya biyu a kan abu ɗaya. Shi kuwa wanda ya shiga shirin GIFSHIP na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, na mutum ɗaya da iyali da ƙungiyoyi, kuɗin shekara yake biya ta Remita, da lambar RRR mai lamba 12. Wannan lamba tana kan rasidinsa, kuma da ita ake bin sawun kuɗin.

Ga amfanin sanin bambancin. Mutane da yawa idan suka ga cirar da ba su gane ba sai su toshe kati su karɓi sabo. Idan ta kati ake cirewa, hakan zai tsayar da ita. Idan kuwa mandet ne, ko kati goma ka canja wata mai zuwa sai an cire, domin kamar mai ɗaure bakin famfo da leda ne bai rufe ruwan daga tushe ba. Akasin haka ma na faruwa, kuma shi ya fi ciwo: mutum yana son inshorarsa, katinsa ya ƙare aka ba shi sabo, cirewa ta gaza, kamfani ya dakatar da shi ba tare da ya sani ba, sai ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi aka kai shi asibiti aka ce sunansa ba ya aiki.

Ba duk abin da aka rubuta wa INS ba ne inshorar lafiya

Wanda ya karɓi bashin albashi ko na manhaja zai iya ganin wani caji mai suna INSURANCE ko CREDIT LIFE ranar da aka ba shi bashin. Wannan ba zai biya maka ko ƙwayar farasitamol ba. Kariya ce ga bashin: idan mai bashi ya rasu ko ya nakasa, kamfanin inshora ya biya banki abin da ya rage. Yana cikin takardar tayin bashin da ka amince da ita, kuma galibi sau ɗaya ake cire shi.

Akwai kuma wanda ake kira HOSPICASH ko makamancin haka. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma abin da yake yi shi ne ya biya ka wani adadi a kan kowane daren da ka kwana a gadon asibiti, bayan ka kawo takardar sallama. Ba ya ba ka damar ganin likita kyauta, ba ya biyan magani. Abu ne mai amfani ga mai sana'ar hannu wanda kwanciyarsa ke nufin tsayawar cefane, amma duk wanda ya sayar maka da shi da sunan "inshorar lafiya" bai yi maka cikakken bayani ba. Masu sa ido ma sun bambanta: kamfanonin inshora suna ƙarƙashin NAICOM, kamfanonin HMO kuma NHIA ce ke ba su izini. Banki ba ya yin inshora da kansa; ƙa'idar Babban Banki ta 2017 ta ba shi damar ya haɗa abokin hulɗarsa da kamfanin inshora ne kawai. Don haka ko a manhajar banki ka danna ka saya, akwai wani kamfani a baya, kuma haƙƙinka ne a faɗa maka sunansa.

Idan wani ya ce maka an cire kuɗin inshora ta GSI, ka ƙi yarda. GSI tsari ne da Babban Banki ya kawo a 2020 don karɓo bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun mai bashi, ba don kuɗin inshora ba.

Yadda ake bin sawu, da inda ake tuntuɓe

Ka fara da gida. Ka bincika imel da saƙonnin wayarka da adadin kuɗin, ka rubuta 4,500 a wurin nema. Dillalan karɓar kuɗi suna tura rasidi duk lokacin da suka cire, kuma a rasidin ne cikakken sunan kamfanin ke fitowa. Ka duba har akwatin saƙonnin banza. Sannan ka tambayi mutanen gida. Abu ne da aka saba gani ɗa ya yi wa mahaifiyarsa rajista da katin yayansa, ko uwargida ta yi wa yara da katin maigida da saninsa, bayan wata takwas kowa ya manta.

Idan ba ka samu komai ba, sai banki. Kada ka tsaya a "an cire min kuɗi ban sani ba", domin amsar da za a ba ka ita ce ka tuntuɓi kamfanin. Ka je da ranar cirewa, adadi, da lambar shaida, ka yi tambaya uku a jere: ta kati aka cire ko ta mandet? Wane ne mai karɓa, da cikakken sunansa? Idan mandet ne, ina lambarsa, yaushe aka kunna shi, nawa ne iyakar abin da ya yarda a cire, yaushe zai ƙare? Banki yana da duk wannan a gabansa. Ka rubuta ƙorafinka a takarda ko imel, ka karɓi lambar bin sawun ƙorafi. Ƙorafin baki a gaban kanta ba shi da kwanan wata, kuma kwanan watan ne makaminka: idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, kuma abu na farko da za su nema shi ne shaidar ka fara kai wa bankinka.

A wannan tsakani ne 'yan damfara ke shigowa, kuma ina so a kula da wannan sosai. Mutum ya rubuta kukansa a Facebook ko X a ƙarƙashin shafin banki, cikin minti kaɗan wani ya kira shi da murya mai ladabi, ya ce daga sashen mayar da kuɗi yake, a karanto masa lambar kati da OTP ɗin da zai shigo. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar OTP, ba ya buƙatar lambar sirri, ba ya buƙatar BVN ta waya. OTP na fitar da kuɗi ne. Lambar da za ka kira ita ce wadda ke bayan katinka ko a cikin manhajar bankin, ba wadda wani ya manna a ƙarƙashin rubutunka ba.

Alamomin sata na gaske sun bambanta da na biyan ƙa'ida. Adadin yana canjawa, cirewar tana zuwa sau biyu ko uku a rana ɗaya, ko an fara da ɗan ƙaramin adadi na gwaji sannan babba ya biyo baya. Idan haka ne, babu jira: ka toshe katin nan take ta manhaja ko lambar toshewa ta USSD ta bankinka, sannan ka shigar da ƙorafin cewa ba kai ka yi cinikin ba. Jinkiri yana rage yiwuwar dawo da kuɗin da aka cire ta kati, domin akwai wa'adin da kamfanonin kati ke karɓar irin wannan ƙara.

Soke rajista: nan tsarin ya fi rauni

Shiga ba ya cin minti biyar, fita kuwa sai an sha fama. Wannan rashin daidaito shi ne babban abin da nake zargin yawancin masu wannan tsari da shi. Goge manhaja daga waya ba sokewa ba ce. Daina zuwa asibiti ba sokewa ba ce. Barin asusu babu kuɗi ma ba sokewa ba ce. Na'urar za ta yi ta gwadawa, ranar da albashi ko kuɗin ciniki suka shigo ta cire, wani lokaci har da na watan da ya wuce.

Sokewa ta gaskiya tana da ƙafa biyu. Ka rubuta wa kamfanin, da lambar rajistarka, cewa ka janye daga rana kaza, ka nemi su amsa a rubuce. Idan ta kati ne, rasidin imel yakan zo da mahaɗin da za ka danna ka dakatar da sabuntawa. Ka yi amfani da shi, ka ɗauki hoton shafin da ya nuna an dakatar. Idan mandet ne, ka kuma rubuta wa bankinka ya soke shi, da lambarsa. Ƙa'idar Babban Banki kan cirewa kai tsaye ta bai wa mai asusu ikon soke izinin da ya bayar, kuma ta wajabta wa mai karɓa ya sanar da shi kafin ya canja adadi ko ranar cirewa. Ka yi wannan da sauran kwanaki kafin ranar cirewa, kada ka bari sai ana gobe, domin umarnin cirewar na iya riga ka shiga layi.

Game da dawo da kuɗi, gara a faɗi gaskiya. Idan kai ka yi rajista ka manta, da wuya a dawo maka da kuɗin watannin baya, ko da ba ka taɓa zuwa asibiti ba, domin kamfanin zai ce a duk watannin nan kana cikin kariya, kuma da ka yi rashin lafiya da sun biya. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Abin da kake da cikakken haƙƙi a kai shi ne cirewa sau biyu a wata ɗaya, cirewa bayan ranar da aka tabbatar maka an soke, ƙarin kuɗi ba tare da sanarwa ba, da cirewar da kamfani ya kasa nuna izinin da ka bayar. A waɗannan, ka nemi su nuna izinin. Idan suka yi shiru, ƙorafin HMO yana zuwa ofishin NHIA na jiharka, na kamfanin inshora NAICOM, kuma hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafin masu saye a kan kowanne.

To, abin da ake biya ya cancanci kuɗin?

Kafin ka soke, ka tsaya ka duba abin da ke hannunka. Dokar NHIA da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar NHIS, ta mayar da inshorar lafiya wajibi ga duk mazaunin Najeriya, amma har yanzu mafi yawan mutane daga aljihu suke biyan asibiti. Ga gidan da ke da ƙananan yara, ƙaramin tsarin HMO yana ɗauke nauyin abubuwan da suka fi yawan cin kuɗi a shekara: ganin likita, gwajin zazzaɓin cizon sauro da taifot, maganinsu, ƙarin ruwa, kwanciyar kwana biyu ko uku, ɗinkin rauni. A daminar da yara uku suka kwanta bi da bi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Biyan wata-wata kuma ya dace da mai samun yau da gobe fiye da neman kuɗin shekara a lokaci guda. Wannan ɓangaren na yaba masa ba tare da wani sharaɗi ba.

Iyakokinsa ne ba a faɗa da babbar murya. Kusan duk tsarin mutum ɗaya yana da lokacin jira: haihuwa, tiyata, da ciwon da ka shigo da shi kamar hawan jini ko suga ba sa fara aiki sai bayan wasu watanni, wani lokaci shekara. Matar da ta yi rajista da cikin wata biyar tana sa ran a biya mata haihuwa za ta iya tarar da ba haka ba ne. Kowane fanni yana da rufin kuɗi na shekara, kuma manyan abubuwa irin su wankin ƙoda da maganin daji ko dai ba sa ciki ko kuma kaɗan ake ɗauka. Mafi muni, a tsare-tsare da yawa idan biya ya yanke na wani lokaci, lissafin jiran yana komawa farko. Wato wanda ya toshe kati cikin fushi saboda bai gane alat ba zai iya zubar da watanni tara na jira da ya riga ya biya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za a fara bincike kafin a toshe, sai fa idan alamomin sata sun bayyana.

A bakin asibiti kuma akwai abin da ya kamata a sani. A tsarin NHIA ana biyan asibitin da ka zaɓa wani adadi a kan kowane mutum kowane wata, ko ya zo ko bai zo ba, don ƙananan jinya. An daɗe ana biyan ₦750, a 2025 aka ɗaga zuwa ₦1,450. Mai rajista kuma yana biyan kashi 10 na kuɗin magani. Saboda haka idan aka nemi wannan kashi goma a kantin maganin asibiti, ba cuta ba ce. Tsare-tsaren HMO masu zaman kansu galibi ba sa neman wannan, amma asibiti sai ya nemi lambar izini daga kamfanin kafin ya yi gwaji mai tsada, hoto, ko tura ka wurin ƙwararre. Jiran wannan lamba shi ne abin da ya fi ɓata wa marasa lafiya rai, mutum na zaune a benci tun safe ana ce masa "ba su turo kod ba". Daga watan Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin HMO su bayar da izinin cikin awa ɗaya da neman asibiti. Idan ya wuce haka, ka kira kamfanin da kanka, ka tambayi lokacin da asibiti ya aika buƙatar, domin wani lokaci jinkirin daga teburin asibitin yake.

Jerin asibitoci ma a duba shi da idon mazaunin gari. Kamfani zai iya tallata ɗaruruwan asibitoci, amma yawancinsu a Legas da Abuja da Fatakwal suke. Mutumin Kano ko Kaduna zai samu zaɓi. Na Birnin Kudu ko Ƙaura Namoda zai iya tarar da mafi kusa da shi yana da tafiyar awa biyu. Ga irin wannan, asusun taimakekeniya na jiha, wanda ke aiki da asibitocin gwamnati da ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwa, ya fi amfani nesa ba kusa ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ta al'ada ba saboda dalilin addini, ya tambayi tsarin takaful ko na jiha kafin ya haƙura da kariyar gaba ɗaya.

Idan bincike ya nuna kai ka yi rajistar kuma ka yanke shawarar ci gaba, to ka sa ta yi maka aiki. Ka karɓi lambar rajistarka da ta kowane ɗan gida, ka ajiye su a wayar maigida da ta uwargida. Ka je asibitin da aka haɗa ka da shi ranar da kake lafiya, ka tambayi teburin HMO ko sunanka yana cikin jerinsu kuma yana aiki, ka buɗe fayil. Ka nemi takardar da ke jera abin da aka ɗauka da rufin kuɗin kowanne, ka karanta sashen abubuwan da ba a ɗauka kafin komai. Sannan ka mayar da cirewar kan asusun da kuɗi ba sa yankewa a cikinsa, ka rubuta ranar ƙarewar katin, domin watan da ya ƙare sai ka shiga ka saka sabon da hannunka.